Wa Zai Faɗa Wa Mawaƙin Ɗaki Gaskiya?

A 'yan shekarun nan wata sana'a ta kunno kai a garuruwan yammacin Zamfara ba tare da an yi mata shela ba. Daga Anka zuwa Bukkuyum har Gummi, akwai ɗakunan da samari suka ajiye tsohuwar kwamfuta, da makirufo guda, da fiyano ko jita, suna naɗar waƙoƙin da suka tsara da kansu. Wasu ma kwamfutar ba su da ita, wayar hannu ce situdiyonsu. Da yake ni ɗan yankin ne, kuma na taɓa cin abinci da aikin ɗaukar sauti, waƙoƙin nan suna yawan iso ni, kusan kullum da magana iri ɗaya a biye: "Malam, a saurara a ba mu shawara." Yawan sauraron ne ya sa na gane cewa ƙarancin da ya fi damun waɗannan yara ba na kayan aiki ba ne. Sun rasa wanda zai zauna ya ji waƙar da kunnen basira, sannan ya buɗe baki ya gaya musu inda ta gaza.

Wani zai yi mamakin jin an ambaci jita a ƙasar kotso da kalangu. Jitar lantarki ta biyo hanyar da gishiri da raƙuma suka saba biyowa, wato daga arewa. Kiɗan jitar Buzaye, wanda Turawa suke sanyawa a sahun kiɗan rok, ya daɗe yana yawo a wayoyin mutanen Nijar da na kan iyaka. Mahamadou Souleymane, wanda duniya ta sani da suna Mdou Moctar, a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko mai suna Anar a 2008, da irin kayan da ake yi wa waƙoƙin finafinan Hausa kiɗa a lokacin, har da murɗa muryar nan ta Auto-Tune. Ba a fitar da kundin kasuwa ba a wancan lokaci. Daga waya zuwa waya ya riƙa tafiya ta Bluetooth da memori, har wani Ba'amurke mai suna Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga cikin waƙoƙin, ya sa ta a cikin tarin waƙoƙin da ya tattaro daga wayoyin mutanen Sahara, wanda kamfaninsa Sahel Sounds ya fitar. Yau Mdou Moctar yana cika dandali a Amurka da Turai, kuma kundinsa Afrique Victime na 2021 kamfanin Matador ne ya buga shi. Yaron da yake zaune a Gummi yana da hujjar da zai ce: in daga Sakkwato aka fara wannan tafiya, me zai hana ni? A ɗaya ɓangaren kuma akwai tasirin Kano, inda fiyanon Yamaha ya shiga situdiyoyi a shekarun 1990 ya sauya wa waƙar Hausa kama, kamar yadda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya bi diddigi a rubuce-rubucensa. Galibin waƙoƙin da ke zuwa mini suna tsakanin waɗannan koguna biyu ne: gangar fiyano irin ta Kano, jita mai kururuwa irin ta Agadas, a samansu kuma murya da Zamfarci tsantsa.

To, idan yaro ya gama waƙarsa ya watsa ta a zaurukan WhatsApp, me yake samu? "Ma sha Allah." "Allah ya ƙara basira." Hoton wuta guda uku, da na tafi. Wanda ya fi kowa ƙoƙari shi ne zai ce, "Gaskiya kiɗan ya yi." Ban raina addu'a ba, amma ba ta gaya wa mutum cewa baiti na biyu ba a jin abin da yake faɗa. Mu mutane ne masu kara, kuma kara tana da ranarta. Sai dai a nan tana cutarwa, domin abokin da ya ji waƙar ya kasa kai ƙarshenta ba zai taɓa faɗa ba, zai dai aika hoton wuta ya wuce. A ɗaya gefen kuma akwai masu sarar da ba ta da magani, waɗanda iyakar abin da za su ce shi ne, "Wannan ai ba waƙa ba ce." Da mai yabon da mai saran, babu wanda ya nuna wa yaron abin da zai taɓa idan ya koma gaban kwamfuta.

Shi kuwa mai waƙar, kunnensa ba abin dogaro ba ne a kan aikinsa, kuma wannan ba gazawarsa ba ce shi kaɗai, haka aka halicci kowa. Wanda ya rubuta baiti ya maimaita shi sau ɗari ya riga ya san kalmomin, saboda haka ko jita ta binne su zai ji su raɗau, don ƙwaƙwalwarsa ce take cike masa gurbin. Ga kuma gajiya: bayan awa biyu ko uku da abin sauraro a kunne, kunnen yakan dakushe, sai mutum ya yi ta ƙara kaifin sauti yana neman abin da ya ɓace masa, washegari ya ji waƙar tana tsaga kai. Tun 1933 wasu masana biyu a Amurka, Fletcher da Munson, suka nuna cewa yadda kunne yake jin kauri da sirantar sauti yana canzawa gwargwadon ƙarfin da aka buɗe shi. In an ƙure sauti, amo mai kauri yakan cika kunne, komai ya yi daɗi. Da an rage sai kaurin ya janye, aibin ya fito fili. Samarinmu kuwa a ƙure suke aiki.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, wannan yanki ya taɓa mallakar maganin wannan matsala, kuma bai san ya yar da shi ba. A dubi yadda manyan makaɗan ƙasar nan suka yi aiki: Ibrahim Narambaɗa, da Salihu Jankiɗi, da Sa'idu Faru, da Musa Ɗanƙwairo Maradun wanda ya rasu a 1991. Babu ɗayansu da ya yi waƙa shi kaɗai a ɗaki. Jagora yana da 'yan amshi, waɗanda a nan muka fi kira 'yan karɓi, yana da masu kiɗa, yana da sanƙira. Kafin waƙa ta je ƙofar fada, sai an zauna an kafa gindinta, an jera ɗiyanta, an maimaita har ta zauna a bakin kowa. A wannan zama ne ake tace ta. Ɗan waƙar da ya yi nauyi a baki, 'yan amshi za su yi tuntuɓe a kansa, kuma tuntuɓen nan shi ne hukunci, ko da ba wanda ya furta komai. Kalmar da ba ta hau kiɗa ba, hannun mai kotso ne zai fara ƙin ta. Ɗanƙwairo kansa ya daɗe yana amshi a bayan mahaifinsa, sannan a bayan yayansa Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiyar. Shekarun nan na amshi makaranta ce ta kunne. Wanda ya karanta ayyukan Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau a kan waƙar baka ya san yawan dabarun da ke tsakanin jagora da mabiyansa, irin su ƙari da tarbe da karɓeɓeniya, kuma kowace daga cikinsu ba ta yiwuwa sai kowa yana jin kowa.

Akwai wani abu kuma da ya kamata masu kwamfuta su tsaya su yi nazarinsa. A ɗauko kowace tsohuwar waƙar waɗannan bayin Allah daga cikin waɗanda gidan rediyon Kaduna ya adana. Kayan da aka naɗe su da su ba su kai wayar da ke aljihun ɗan sakandare a yau ba. Ga ƙarar faifai, ga shashshakar zare. Amma kalma ɗaya ba ta ɓacewa. Dalili shi ne sun haɗa sautinsu tun a iska, kafin ya shiga na'ura. Jagora ne kusa da makirufo, 'yan amshi a bayansa, masu kiɗa a gefe. Idan jagora ya ɗauko magana, hannun makaɗi yakan sassauta, idan ya sauke sai kiɗa ya taso ya cike wurin. Abin da injiniyan zamani yake yi da maɓallai, su da tazara da ladabin hannu suka yi shi. Yanzu mutum guda ne jagora, shi ne amshi, shi ne makaɗi, shi ne injiniya. Kwamfuta ta ba shi ikon yin aikin mutum goma, ta kuma raba shi da kunnuwan mutum tara.

Bari in faɗi abin da nake ji a waƙoƙin da ake turo mini, don aibin kusan iri ɗaya ne. Na farko kuma mafi girma, murya tana nutsewa. Jitar lantarki, musamman in an sa mata ƙarajin nan na rok, tana zaune ne daidai inda baƙaƙen magana suke zaune, wato wajen kaɗawa 2,000 zuwa 4,000 a daƙiƙa. A nan ne kunne yake rarrabe harafi da harafi. A waƙar rok ta Turawa ana iya yafe wannan, don da yawa daga masu sauraronta ƙarfin kiɗan suke bi, ba su damu su tsinci kowace kalma ba. Bahaushe ba haka yake sauraro ba. Magana yake bi, kiɗa rakiya ne. Kuma harshenmu ba ya jure a turmushe shi. Tsakanin ƙafa da kafa, ko daka da ɗaka, ko ɓata da bata, bambancin ɗan ƙyas ne da bai kai ƙiftawar ido ba, kuma shi ne abu na farko da ƙarajin jita da yawan amsa-kuwwa suke haɗiyewa. Ga tsawon wasali, wanda ya raba garin da ake zama da garin da ake tuƙawa. Ga hawa da saukar murya, wanda ya raba wuyan da ke ɗauke da kai da wuyar da ake sha. Idan aka matse murya da Auto-Tune har ta koma hawa matakala, gangarowar nan ta karin harshe takan kakkarye. Na taɓa sauraron waƙar wani yaro daga ƙasar Bukkuyum sau huɗu kafin in gane cewa labarin tashin ƙauyensu yake bayarwa, da yadda suka kwana a daji da tsofaffi da goyo. Baitocin sun isa su sa mutum hawaye. Jita biyu ya ɗora a kansu, kowace tana neman ta fi 'yar'uwarta ƙara. Waƙar ta yi wata uku tana yawo a wayoyi, kuma a cikin duk waɗanda suka yaba masa babu wanda ya ce masa ba a jin maganar.

A nan ne abin ya wuce batun nishaɗi. Mutanen Anka da Bukkuyum sun ga gubar dalma a 2010, wadda ta ɗauke ɗaruruwan yara a ƙauyuka irin su Bagega da Dareta da 'Yargalma. Sun ga shekarun 'yan bindiga, da gudun hijira, da gonakin da aka bari. Jarida takan kawo adadi ta wuce. Wanda zai adana yadda abin ya kasance a zuciya shi ne mawaƙi, kamar yadda muka san abubuwa da yawa na zamanin da ta bakin makaɗa. Idan shaidar wannan zamani tana binne a ƙarƙashin ƙarar jita, asara ce da ta shafi har waɗanda ba su damu da kiɗa ba.

Maganin kuwa sau da yawa ba ya cin ko kwabo. A rage jita a lokacin da murya take magana, a sake ta a tsakanin baitoci, wato dai ladabin mai kotso. A ɗan rage mata kaifi a wurin da baƙaƙe suke. In jita biyu ne, a tura ɗaya dama ɗaya hagu, a bar wa murya tsakiya. Amsa-kuwwar da ake zubawa don a ɓoye rawar murya, a rage ta zuwa rabi, a sake ragewa.

Aibi na biyu daga ɗaki yake. Ɗakin siminti mai kwanon rufi, babu silin, babu kaya, shi ne mafi munin wurin naɗar murya, don sauti yana dukan bango ya dawo cikin makirufo, kuma abin da ya shiga ta wannan hanya babu manhajar da za ta fitar da shi tas. Abin dariya, yaran sukan guje wa ɗakin ƙasa don suna ganin bai yi kama da situdiyo ba, alhali ɗakin ƙasa mai rufin azara ko ciyawa, da gado da katifa da tulin tufafi, ya fi shan sauti nesa ba kusa ba. Wanda ba shi da shi, ya jingina katifa a bayansa, ya rataya bargo a gefe, ya matso makirufo kamar tazarar tafin hannu ɗaya daga baki. Iskar da ke fita da harafin "b" da "f", da "hw" ɗin nan tamu ta Zamfara, safa ɗaya da aka ɗaura a bakin rariyar tankaɗe ta isa ta tare ta. Sai ƙugin janareta da na wayar wuta. Lantarkinmu yana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, kuma jita tana kwasar wannan gurnani kamar maganaɗisu. Wanda ya cika batirin kwamfutarsa, ya zare ta daga wuta, ya kashe inji, ya naɗi murya bayan sallar asuba kafin 'yan kabu-kabu su fito, ya fi wanda ya sayi makirufon dubban nairori ya kunna ta kusa da inji. Na uku shi ne cika ma'auni. Ana ɗauka in layin ya taɓa ja shi ne ƙarfi. A na'urar zamani, abin da ya wuce sifili ya yanke ke nan, ya zama tsatsa a kunne har abada. A bar kololuwar sauti tana yawo tsakanin desibel 12 zuwa 6 ƙasa da sifili, ƙarfi a ƙarshe ake nemansa.

Duk wannan ana iya koyonsa a intanet. Abin da intanet ba za ta gaya wa yaron Anka ba shi ne inda waƙarsa za ta rayu. Ba a ɗakin da aka jera manyan sifikoki za a ji ta ba. A wayar hannu za a ji ta, a majalisa, ana hira a kanta. A 'yar sifikar nan da ake kira MP da aka ɗaure a kan babur. A shagon caji, inda masu tura waƙoƙi suke kunna ta tare da wasu goma. Sifikar waya kusan ba ta fitar da amon da ya yi ƙasa da kaɗawa 200 ko 300, saboda haka duk dirin da mutum ya kwana yana ginawa a abin sauraronsa, a can babu shi. Yawancin waɗannan na'urori kuma baki ɗaya gare su, dama da hagu a haɗe suke fita, kuma akwai sautukan da in an haɗe su suke cinye juna. Manyan injiniyoyin duniya sun san haka, shi ya sa shekara da shekaru suke ajiye ƙananan sifikoki marasa daɗin ji, irin su Auratone da Yamaha NS-10, a kan teburinsu, don su ji abin da talaka zai ji. Namu Auratone ɗin yana shagon caji na bakin tasha, kuma kyauta ne.

Saura yadda ake neman shawarar, don tambaya ma tana da fasaha. "Ya ka ji waƙar?" tambaya ce da amsarta guda ce a ƙasar Hausa. Ni abin da nake ba yara shawara shi ne su nemi wanda bai taɓa jin baitocin ba, su kunna masa sau ɗaya tak a waya, sannan su ce ya maimaita abin da aka faɗa a baiti na farko. Inda ya yi shiru, nan ne aikin yake. Wannan jarrabawa ba ta buƙatar masani, kuma kara ba ta iya ɓata ta, domin ba a tambaye shi ra'ayi ba. Tsohuwar da ke tsinke zogale a tsakar gida ta fi abokin mawaƙi amfani a nan, don ita kunnenta a kan waƙoƙin da ake jin kowace kalma ya tashi. Haka nan a kunna waƙar a majalisa ba tare da an ce ta wane ce ba, a zuba ido a ga daidai inda hira ta dawo. Wurin da mutane suka koma zancensu, wurin ne waƙar ta saki hannunsu. Ga masani kuwa, a yi masa tambaya mai baki: muryar ta fito a amshi? Gangar tana danne jita a waya? A kuma haɗa masa da wata fitacciyar waƙa da ake son a kamo irin sautinta, a daidaita ƙarfinsu kafin a gwada, don kunne kullum wadda ta fi ƙara yake zaɓa ko da ita ce mafi muni.

Turawar ma sai an kula. Sau da yawa abin da ke iso ni ba waƙar ba ce, inuwarta ce: an kunna ta a sifika an naɗa da saƙon murya, ko an mayar da ita bidiyo an ɗora a sitatus, manhaja ta matse ta ta zubar da rabin abin da ke ciki. A tura fayil ɗin kansa ta hanyar da ake aika takardu, ya isa yadda yake. Kuma kada a dogara da nesa kaɗai. A watan Satumba na 2021, da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, mutane har maƙwabtan jihohi suke zuwa don su buga waya. Duk mawaƙin da masu ba shi shawara suke Kano ko Kaduna, a lokacin ya koma shi kaɗai. Hanyar Gummi zuwa Anka zuwa Gusau kuwa kowa ya san ba kullum ake bin ta da kwanciyar rai ba, balle a ce yaro ya ɗauki kwamfuta ya tafi neman wanda zai saurara masa. Dole kunnen ya kasance a cikin gari.

Ba kuma kowace shawara ake ɗauka ba, kuma wannan ina faɗarsa ne har a kan irina. Akwai masu gyaran da in an ba su waƙa, so suke su mayar da ita irin wadda suka saba ji. Na ga yaran da aka ce su daina cewa "shina" da "mi" da "awa", su koma Hausar Kano wai don waƙar ta shiga kasuwa. Na ga wanda aka sa ya cire jitar gaba ɗaya ya cike wurin da sarewar fiyano. Wannan ba gyaran sauti ba ne, sauya wa mutum fuska ne. Narambaɗa da Ɗanƙwairo da harshen garinsu suka ci ƙasar Hausa, ba wanda ya nemi su fassara. Ƙa'idar da nake bi ita ce: idan mutum uku da ba su san juna ba suka yi tuntuɓe a wuri guda, to akwai dutse a wurin, ko da kowannensu ya ba shi suna daban. Amma yadda za a kawar da dutsen, wannan na mai waƙa ne. Mai sauraro gwani ne wajen nuna inda ke ciwo, ba kasafai yake sanin magani ba.

Wani lokaci ma shawarar kirki ita ce a bar abu yadda yake. A 1982 mawaƙin rok ɗin nan na Amurka, Bruce Springsteen, ya fitar da kundinsa Nebraska, wanda ya naɗa a gidansa da ke Niyu Jazi da 'yar na'urar kaset mai layi huɗu. Da farko gwaji ne kawai ya yi don ya nuna wa 'yan ƙungiyarsa. Sun shiga babban situdiyo sun sake naɗar waƙoƙin da cikakken kiɗa, amma shi da na kusa da shi suka ga ruhin da ke cikin kaset ɗin bai biyo su ba, aka koma aka fitar da na ɗakin. Tinariwen kuma, 'yan jitar Buzayen Mali, a hamadar kudancin Aljeriya suka naɗi kundinsu Tassili, wanda ya ci kyautar Grammy a 2012. Ko Billie Eilish, wadda ake yawan kafa misali da ita don a ɗakin kwanan yayanta aka naɗi kundin da ya ci kyautar kundin shekara a 2020, ba su suka haɗa sautin ƙarshe ba, wani injiniya daban, Rob Kinelski, aka miƙa wa. Ɗaki bai hana kowannensu kaiwa inda ya kai ba, kuma babu wanda ya yanke hukunci da kunnensa shi kaɗai.

Mu da ake turo wa waƙoƙin ma akwai haƙƙi a kanmu. Yaron da ya tara kuɗin leburanci ko na cajin waya ya sayi makirufo, ya jure surutun dangi da kallon banzan unguwa, sannan ya miƙo maka abin da ya yi, amana ya ba ka. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. A fara da gaya masa abin da ya tsaya da ƙafarsa a waƙar, don ya san abin da ba zai taɓa ba. Sannan a ɗauki aibi ɗaya ko biyu mafi girma, a faɗi minti da daƙiƙar da suke, a bar sauran sai ya dawo. Wanda aka zube wa gyara ashirin a zama ɗaya ba zai gyara ko ɗaya ba. A yi masa a keɓe, kada a yi a zauren da abokansa suke. Kuma a halin da muke ciki, mai sauraro na gari zai duba har abin da baitin zai iya jawowa. Sunan ƙauye ko na mutum da aka ambata cikin zafin rai yana iya zama fitina ga iyalin da ba su san an yi waƙar ba, kuma waƙar da ta shiga memori ba ta dawowa.

Abin da nake fata in gani a Gummi da Anka da Bukkuyum ba babban situdiyo ba ne, ko da yake in an samu ba a ƙi ba. Zama nake so a farfaɗo da shi. Mutum biyar ko shida masu wannan harka a gari guda su ware yammaci ɗaya duk mako biyu, kowa ya zo da waƙa ɗaya da bai sake ta ba. A kunna ta a waya, a kunna a MP, mai ita ya yi shiru har kowa ya gama magana, ya rubuta abin da aka ce. A riƙa gayyato wani tsohon makaɗi ko ɗan amshi, don har yanzu akwai su a fadojin nan da ƙauyuka, kuma da yawansu ba wanda yake tambayarsu komai. Shi ba zai san sunan maɓalli ko ɗaya ba, amma zai gaya maka cewa kiɗanka yana taka maganarka. Gidajen rediyon Gusau su ma za su iya ware rabin awa a mako, a sa waƙar ɗaki guda biyu, injiniyan gidan ya yi bayanin abin da ya ji, da izinin masu su.

Sharaɗi ɗaya ne duk wannan yake da shi, kuma a nan ne yara da yawa suke yi wa kansu illa. Da zarar sun fitar da waƙa sai su goge asalin aikin don kwamfuta ta cika, ya zama babu sauran murya daban, jita daban, ganga daban, sai dunƙulallen fayil guda da ba ya warwaruwa. Yaron nan na ƙasar Bukkuyum ya yi sa'a bai goge nasa ba. Ya cire jita ɗaya, ya rage ɗayar a ƙarƙashin baitoci, ya sake naɗar baiti na uku a ɗakin kakarsa da asuba. Da ya kunna wa matan gidansu sabon, ance ba a kai ƙarshe ba wata ta ce a kashe, don ta ji sunan rafin da suka tsallaka a daren.